Ciyawar Hafsatu

Lahadi, 3 ga Maris, 2024
Wata bakwai da rasuwar matata Hafsatu, wata biyar da muka baro ƙauye saboda 'yan bindiga. Ga ni a Sabon Garin Gusau, gidan 'yata Wasila. Na bar rumbu biyu, na ɗauko tukunyar ciyawa. Hafsatu ce ta tono ta a tsagin dutse bayan Tsafe, inda ruwa ke tsattsafowa. Ganyenta kamar gashin jelar zakara, kore shar rani da damina. Ba fure, ba 'ya'ya. Shekara goma ina mata tsiya: me za a ci a jikinta?

Alhamis, 18 ga Afrilu
Wasila ta ce in dasa ta a ƙasa, gindin mangwaro. Na ƙi. Baƙi ne mu a Gusau, ni da ciyawar. Tana cikin tukunyarta gefen randa, ranar komawa in sungume ta.

Talata, 11 ga Yuni
Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a bayan ganyen, a jere. Shekara talatin ina malamin gona, na san cuta in na gan ta. Na yanke duk wanda ya kamu, na watsar bayan randa. Saura uku.

Laraba, 12 ga Yuni
Wasila ta gani, ta dafe kai. "Baba, mi ka yi haka? Inna ta ce wanga shi na irinta!" Ban taɓa juya ganyen ba tana raye. Ban taɓa tambayarta ba. Na ji kunya, kuma na yi kewarta har na kasa cin tuwo.

Asabar, 20 ga Yuli
Biyu sun bushe. Hanyar dutsen ba ta biyuwa, in wannan ta mutu shi ke nan.

Juma'a, 23 ga Agusta
Ɗayan ma ya tafi. Ban zubar da ƙasar ba.

Litinin, 9 ga Satumba
Wasila za ta kankare gansakukar bayan randa, sai ta ƙwala min kira. Ƙananan ganye huɗu, kowanne a naɗe, bai kai farce ba. A ƙasa suka fito, ba wanda ya shuka su. Na ɗauko tukunya in kwashe su, na daɗe a tsugune, sai na fasa. Jijiyarsu ba za ta jure ba, dalilin ke nan kawai.

Na kewaye su da duwatsu. Tukunyar na ba Wasila, ta ce za ta sa albasa.