Ruwan Masakinki Bai Kwanta Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tabawa, uwar kiɗan ƙwaryar Madarumfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Tun da muka rasa ki ban taɓa damun ki da ƙorafi ba. Yau kam sai kin yi haƙuri da ni, don abin da ɗanki Yaya Idi ya yi ya tsaya mini a rai. A fili nake rubuto miki, mai son karantawa ya karanta, tunda shi ma ba a ɓoye ya yi ba.

Kin san ni da tsoron taro. Ranar da kika fara sa ni in ja waƙa, a wani biki a Safo, gwiwoyina karo suke da juna, bakina ya bushe ƙayau. Ba ki lallashe ni ba, ba ki kuma zage ni ba. Kika zuba ruwa a masaki, kika kifa ƙaramar ƙwarya a kansa, kika ce, “Ba taro za ki kallo ba, ɗiyata, ruwa za ki kallo. Bari shi kwanta. In ya kwanta, ke ma kin kwanta.”

Na zuba wa ruwan ido ina numfashi. Kafin ya daina kaɗawa ƙirjina ya daina dukan tara-tara. Daga ranar na gane dalilin da ba kya taɓa buga sandar farko sai ruwa ya natsu, ko da uwar biki tana harararki. Mutane na cewa jan aji ne. Ni kaɗai na san ke ma tsoron kike ji, don na sha ganin gumi a bayan wuyanki.

To Inna, watan da ya wuce aka kira gasar kiɗan mata a filin gaban ofishin kwamanda, wato babban jami'in gwamnati na yankinmu, aka ce ma'aikatan rediyo za su zo daga Maradi su ɗauki murya. Waƙarki ta masunta muka zaɓa. Ba kyautar ce ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kada karon farko da muryar gidanmu za ta shiga rediyo a ce waƙar Tabawa ta mutu a bakin ɗiyarta.

Nan ne Yaya Idi ya naɗa kansa shugabanmu. Mutumin da kika yi ta fama da shi ya riƙe miki ko sanda ya ce kiɗa aikin mata ne! Tun da ya fara safarar kaya a garin Ɗan Issa ya ga kansa wayayye. Ranar gasar, ana sallame la'asar sai ga shi da kwalin ashana cike da wasu jajayen ƙwayoyi, wai maganin fargaba ne, wai duk manyan mawaƙan ƙetare shi suke sha.

Ina tsaye ya bi 'yan amshinki ɗaya bayan ɗaya yana raba musu kamar goron suna. Har da Gwaggo Hajo, aminiyarki, matar da ta goya shi a bayanta. Tsohuwa ta ga tarin jama'a da lasifika, ta karɓi biyu ta haɗiye da yawu. Na yi magana, ya ce in rufe masa baki, zamani ya wuce kallon ruwa. Tir da wannan zamani.

Ni ma ya danƙa mini ɗaya a tafin hannu. Ban sha ba, amma ban yar ba, don filin ya cika har kan itatuwa kuma ƙafafuna sun fara irin ta Safo. Na dunƙule hannu na hau dandamali da ita. Da na tsoma hannu in gyara zaman ƙwarya, ashe gumi ya narkar da abar. Ina kallo jan ya bazu cikin ruwan masakinki.

Inna, ban taɓa jin ƙyama irin ta lokacin ba. Masakin da kika hana a wanke ko hannun tuwo a cikinsa. Na ɗauke shi na sauka, na kwarar da ruwan a ƙasa gaban kwamanda da baƙinsa, na je wurin mai ruwa na sake cikawa. Fili ya ɗauki ihu. Mai riƙe da makirufo yana nuna mini agogo, Yaya Idi yana zare mini ido. Na zauna, na kifa ƙwarya, na jira. Wallahi na ji kamar ruwan ba zai taɓa kwanciya ba, amma ya kwanta.

Na buga, na ja baitin farko, murya ta fita sumul. Na saurari amshi, sai na ji abin kunya. Biyu sun riga kiɗa gudu, ɗaya tana ta dariya ba dalili. Gwaggo Hajo harshenta ya yi nauyi, ta jingina da babbar ƙwarya, yawu na zuba a kan zanen ankon da ta ɗinka don ranar. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana amsa miki ba ta taɓa tuntuɓen baiti ba.

Ban ɗaga ido ba. Na ci gaba da kallon ruwa, na ja baiti na biyu ni kaɗai. Sai na ji amshi ya taso daga ƙasa, daga wajen matan bakin tafki masu sayar da soyayyen kifi. Ashe duk sun haddace ki. Su suka riƙe ni har ƙarshe, na gama ban kuskure ko kalma ba. Ba mu ci gasar ba, kuma ban ga laifin alƙalai ba. Gwaggo Hajo a amalanke aka kai ta gida, har yau ba ta yarda ta haɗa ido da ni ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Jiya maƙwabciyarmu ta dawo daga kasuwa ta ba ni labari. Yaya Idi yana tallar ƙwayarsa ga makaɗa da 'yan kokawa, yana cewa ita ɗiyar Tabawa ta sha shi ya sa ko gezau ba ta yi ba gaban kwamanda. Natsuwar da kika koya mini da haƙurinki, ita ya ƙulla a leda yake sayarwa da sunanki. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, Inna. Ciki ɗaya muka fito, amma ko inuwarsa ba na son gani.

Innata, na yi kewarki. Na yi kewar ƙamshin man gyaɗa a zanenki, da yadda kike taɓa ni da ƙafa in na yi saurin kiɗa. Kin sha ce mini, “Mai hushi da mai tsoro duk ɗaya na, kada su buga sanda sai ruwa ya kwanta.” Dole in je in same shi a gaban mutanen da ya yi wa ƙarya, in wanke sunanki. Shi ya sa tun da safe na zuba ruwa a masakinki na zauna a gabansa. Ga shi rana ta take, bai kwanta ba. Sai yanzu na lura gwiwata ce jingine da shi, ita ke kaɗa shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba Gwaggo Hajo lafiya, Ya shiryi ɗanki, ni kuma Ya kwantar mini da wannan ruwa kafin in buɗe baki. Amin.

Taki har abada,
ɗiyarki Rabi, mai jiran ruwa.