Wai gauɗen tudunmu za a yi wa gwajin DNA

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni masunci ne a dam ɗin Bakolori, ta gefen Maradun. Ina goye aka tare ruwan, garinmu ya nutse, sai wani tudu da ya rage a tsakiya, nan kabarin kakanmu yake, gauɗe ya cika wurin, in ya yi fure ƙamshi har cikin jirgi. To sati uku da suka wuce ɗan kawuna da ke aiki a jami'a ya taho da wata Dakta, wai in kai su tudun, na kai su. Ta bi gauɗen nan ɗaya bayan ɗaya tana tsinkar ganye tana sawa a ambulan, tana danna wata na'ura a gindin kowanne tana rubuta lamba. Na tambaye ta, ta ce gwajin DNA za ta yi, ta gane ko gauɗen tudun har yanzu dangin na bakin gaɓa ne, ko rabuwar da ruwa ya yi masu ta sa sun fara bambanta. Ni dai DNA da na sani ta gardamar uban yaro ce, itace kuma wa ya kai ƙararsa?

Da Baba ya ji, ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ce haka masu awo suka zo wancan karon, da fara'a da kafa turaku, ƙarshenta gonakinmu suna ƙarƙashin ruwa. Ya ce zinari ake nema, ganyen nan dabara ce. Ɗan kawun nawa ya ce jahilci ke damunmu, Baba ya kore shi, yanzu gidajen biyu ko gaisuwa babu.

Tsakani da Allah matar ko tsakuwa ba ta ɗauka ba, har takalmi ta cire a wurin kabarin. Amma me ya sa ɗan kawun nawa ya ce kada in gaya wa maigari? Wai don kada masu garkuwa su ji labarinta. Kuma ta bar min takarda da Turanci in sa hannu, na kasa nuna wa kowa.

Ranar Talata za su dawo. Baba ya rantse in na sake ɗaukarsu bai yafe ba, in kuma na ƙi wani mai jirgin zai kai su, ba idona a wurin. Masu ilimi a cikinku, da gaske ana yi wa itace wannan gwajin? In tafi wurin maigari, ko in saɓa wa tsohona in bi su in sa ido?