Mun Ba Agogo Hutu, Sai Ta Fashe Da Kuka

Anti, don Allah ki agaza mini kafin Litinin, domin ina jin da hannuna na jefa yarinyar mutane cikin wuta.

Ni ce shugabar masu guga a wani kamfanin wanki. Akwai wata ma'aikaciyata da muke kira Agogo, saboda ita ke fara zuwa, ita ke rufe ƙofa. Ran da ba ta da aiki ma sai ta zo, wai ta ji kewarmu. Mu kuma muna tsokanarta cewa dutsen guga ta aura. Ina sonta kamar ƙanwar da muka fito ciki ɗaya. Shi ya sa na dame manaja har ya amince a ba ta hutun mako biyu, ladan ƙwazonta. Na sanar a gaban kowa, aka yi tafi. Ita kuwa ta shige bayan injin busar da kaya ta yi ta kuka. Ni sarkin wauta na ɗauka murna ce.

Jiya tururi ya yi yawa, ta ɗan sassauta mayafi, na hango tabo a gefen wuyanta. Ta ce dutsen guga ne. Anti, shekarata goma sha tara a wannan sana'a, hannuwana duk ƙuna ce. Dutsen guga yana cin yatsa, yana cin damtse, amma ba ya hawa wuya, kuma ba ya barin shatin yatsu huɗu. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini: doguwar rigar da ba ta cirewa komai zafi, yadda take yar da aikin hannunta ta ɗauka da sauri idan mijinta ya bugo waya. Ashe ba aiki take so ba, gida take gudu. Litinin hutun zai fara. In soke shi? In gaya wa manaja? Ko in je in sami mijin in wanke shi tas? Wallahi ko abinci na kasa ci.

Taki,
Uwar Guga

Uwar Guga,

Ki fara cin abinci tukuna. Ba ki yi mugunta ba, alheri kika yi a kan rashin sani, kuma idon da ya gane tabon nan naki ne.

Mijin kam, kada ki je. Ke za ki faɗi son ranki ki koma gida, ita ce za ta kwana da fushinsa. Kada kuma ki soke hutun a bayan idonta, ko ki kai maganarta ofishin manaja ba da saninta ba. Wadda ake yanke wa hukunci a gida ba ta bukatar a ƙara yanke mata a wurin aiki. Mai yiwuwa ma akwai abin da ba mu sani ba, don haka tambaya za ki yi.

Ki same ta ku biyu kawai, kafin sauran su iso. Ki faɗi abin da kika gani, ki ce hankalinki bai kwanta ba, sannan ki yi shiru ki saurara. In ta musa, kada ki matsa mata. Ki dai sanar da ita cewa hutun nata ne: tana iya ɗaga shi, ko ta raba shi, ko ta yi shi wurin 'yan uwan da ta yarda da su. In ta buɗe baki, ki gaskata ta, ki gaya mata ba laifinta ba ne. Ku nemi ƙungiyar da ke taimakon mata a yankinku, ku tsayar da wata kalma da za ta turo miki idan abu ya ɓaci. In akwai rauni, asibiti da hukuma ba abin kunya ba ne.

Manaja kuwa, ki roƙe shi a liƙa lambar wayar neman taimako a bayan ƙofar banɗaki, ba tare da ambaton kowa ba. Ba mamaki ba Agogo kaɗai za ta kwafe ta ba.

Tsokanar auren dutsen guga kuma a ajiye ta haka. Kullum ita ke riga kowa zuwa. Gobe ki riga ta, ta tarar da ke a bakin ƙofa kina jiranta. Allah ya tsare ta, ya bar ku tare.

Antinku