Reza Mai Taya Ba Ta Jiran Gaisuwa

Talata, 6 ga Yuni, 1989

"To ke da kika yi karatu a Zariya, gaya mana, wannan wuƙa ne ko keke ne?" Mama Afiniki ke nan, shugabar zumuntar matanmu, tana juya abin a hannu kamar mai taya doya. Na ce duka biyun ne, Mama, ki ajiye. Ba ta ajiye ba sai da na karɓe.

Yayana Rufus ne ya aiko da ita daga Amurka, bayan na yi masa ƙorafin cewa almakashi ya gama da hannuwanmu. Reza ce zagayayya kamar kwabo, an ɗaura ta a mariƙi, tana da murfi. Tare da ita akwai faifan roba kore da ake yanka a kai, da rula mai faɗi wadda ake hango yadi ta cikinta. A danne, a tura, yadi ya rabu ba ko ƙara. Aikin da ke cinye mana yini na gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Bargunan haɗi muke yi da guntayen atamfa, don jariran ɗakin haihuwa. Damina ta sauka, kuma sanyin da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro ba ya tambayar jariri ko an shirya masa. Magdalene, ɗaya daga cikin matan zumuntar, ta raɗa wa abar suna reza mai taya. Na gode wa Allah. Na gode wa Rufus, wanda bai taɓa tuna ranar haihuwata ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Na shiga ɗakin ɗinki ni kaɗai don in koyi halinta. A tsaye take son a yi yanka, ba a zaune ba. Gaba ake tura ta, ba a jawo ta wajen ciki. Hannun hagu a kan rula, yatsu a dunƙule kamar ƙafafun gizo, nesa da bakin da taya ke bi, ƙaramin yatsa ya sauka a kan faifai ta ɗaya gefen don kada rula ta zame. Da an kai ƙarshe a rufe murfi, ko da za a sake buɗewa nan take. Ninki huɗu ya isa. Na gwada takwas, sai da na danna da ƙarfi, ta yi tsalle. Na fahimta.

Ƙyalle ya kusa ƙarewa. A da daga shagon Hussaini tela muke samu, mijin Kubra. Ni da Kubra benci ɗaya muka zauna a firamare, ita ta koya mini kitso, ni na yi mata lissafi. Tun rikicin da aka yi a garin nan shekara biyu da suka wuce ban taka unguwarsu ba, ita ma ba ta tako tamu ba. Ba mu yi faɗa ba. In mun hangi juna a kasuwa sai kowacce ta ga tumatir ya yi mata kyau.

Talata, 20 ga Yuni

Mama Afiniki ta yanke yatsa.

Komai ta yi daidai. Tana tsaye, tana turawa gaba, har ina shirin yaba mata. Sai Fasto Andrawus ya leƙo ya ce salama gare ku, sannunku da aiki. Mama ta ɗaga kai, ta fara rusunawa, bakinta na cewa sannu da zuwa, hannunta kuwa bai samu labari ba. Taya ta hau kan rula ta ɗebi gefen manuniyar hagu.

Jini a kan atamfa mai rawaya. Magdalene ta ce a nemo man birki. Na ce kowa ta taɓa yatsan nan da man birki ni da ita ne. Na danne da tsumma mai tsabta, na ɗaga hannun sama, muka tafi ɗakin shan magani. Simon, malamin jinyar wurin, ya yi ɗinki, ya ce ba a taɓa jijiya ba, yatsa zai lanƙwasa kamar da. A hanya Mama cewa take, "Wannan reza ba shi da tarbiyya. Ya ga babba ya shigo, ba zai tsaya ba?"

Fasto ya biyo mu yana ta ba da haƙuri, shi da bai yi komai ba sai gaisuwa. Na gode Ubangiji da abin ya tsaya a nama.

Laraba, 21 ga Yuni

Na kafa doka. Muddin murfi a buɗe yake, ba mai magana a ɗakin nan, ba mai amsa gaisuwa, ko bishop ne. Sai na rufe na ce to. Suka ce, Malama Faustina, ai rashin kunya ne. Na ce gara rashin kunya da rashin yatsa. Na ji daɗin wannan jimla, har na maimaita.

Lahadi, 25 ga Yuni

Bayan sujada Mama ta yi ta nuna bandeji kamar lambar yabo. Barguna uku sun kammalu, yatsu kowa da nata.

Talata, 4 ga Yuli

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ina tsakiyar dogon yanka, ninki huɗu, mu biyar a ɗaki. Na ji salamu alaikum daga bakin ƙofa. Na gane muryar Kubra tun kafin ta kai ƙarshe. Ban ɗaga kai ba, taya tana tsakiyar yadi, yatsuna a kan rula. Ta sake yi. Na matsar da hannu na ci gaba. Ta yi ta uku, a hankali. Ɗalibaina masu biyayya, mata huɗu Kirista, suka zuba mata ido, baki a rufe, suna jiran Malama ta ce to.

Da na rufe murfi na juya, ba kowa. Sai buhu a jingine da bango, cike da guntayen atamfa da shadda, an wanke an goge.

Magdalene ta ce, "Wani mata ne mai mayafi. Ya yi sallama uku ya tafi." Na sani. A gidansu na koyi cewa in ka yi uku ba a amsa ba, an ce maka koma ke nan. Na fita har bakin titi. Masu babur kawai, da ruwa yana shirin sauka.

Shekara biyu ta yi kafin ta tako. Na tsare yatsu goma.

Alhamis, 6 ga Yuli

Zan je. Amma akwai takardun jarrabawar 'yan aji uku.

Litinin, 10 ga Yuli

Ruwa. Hanyar tasha duk laka.

Asabar, 15 ga Yuli

Ana shagalin Babbar Sallah, ba a zuwa gidan mutane da dogon bayani ranar da suke suya. Haka na gaya wa Mama Afiniki da ta tare ni a kasuwa. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "'Yata, nawa an ɗinka shi ran da ya yanke. Naki kin bar shi a buɗe, ƙuda yana bi." Na ce Mama ba ki san yadda abin yake ba. Ta ce ta sani, ɗan ƙanwarta bai dawo gida ba tun Maris ɗin da aka yi rikicin nan.

Ta ce ran Talata ta shirya, in zo in ɗauke ta.

Talata, 18 ga Yuli

Mun je. Unguwar tana nan yadda na bar ta, sai dai an sake wa masallaci fenti, kuma bishiyar mangwaron ƙofar gidansu ta fi ƙarfin katanga. Ƙafafuna ne suka san hanya. Hussaini yana zaure a kan keken ɗinki, ya ce a'a, Malama, ashe kina garin. Na ce ina nan. Ya ce ku shiga, tana ciki.

Na yi sallama. Ta bar ni na yi biyu. Na cancanta.

Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta gaida Mama har ƙasa, ni kuma ta gaishe ni kamar mai karɓar haraji. Na fara bayani tun daga Amurka. Ban kai Legas ba Mama ta miƙa mata yatsa a gaban hanci. "Duba nan, 'yata. Gaisuwa ne ya yi mini wannan. Fasto na gaisar." Kubra ta riƙe yatsan tana duba tabon. Ta ce, wace irin wuƙa ce haka? Mama ta kwatanta da hannu, har da rusunawar, har da tsallen da Fasto ya yi. Kubra ta so ta daure, ba ta iya ba.

Abin da na riƙe daga maganarta, bayan dariya ta lafa: "Fosti, da na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Na ce ban same ki ba ne." Sannan: "Ni ba shirunki ne ya dame ni ba, na san ki da shan ƙamshi tun muna aji biyu. Idanun sauran ne."

Ba wanda ya kira ni Fosti tun rasuwar Baba.

Mama ta ce tunda an hana ta reza, ita za ta riƙa zama a bakin ƙofa tana amsa gaisuwar kowa, mai yanka ta yi yankanta. Kubra ta ce ai ko gidan biki haka ake yi. Na ce dokata tana nan. Suka ce tana nan mana, Malama. Muka fito da ƙullin soyayyen nama, na ce ba na cin mai da yawa. Kafin mu kai tasha na cinye rabi.

Talata, 25 ga Yuli

Ta zo. Mama a kan kujera a bakin ƙofa ta amsa tun kafin sallama ta ƙare. Na canza reza, tsohuwar ta fara dakushewa, kuma dakusasshiya ce ke sa a danna har ta zame. Na jefa ta a gwangwanin madara na toshe baki. Na koya wa Kubra dunƙule yatsu. Ta ce kamar mai tsoron ƙuna. Na ce haka nake so. Na sa ta cire silifas ta sa takalmin Magdalene, don in abar ta faɗi ba ta zaɓen inda za ta sauka. Ta ce yanzu har ƙafa? Na ce har ƙafa.

Hannunta ya fi nawa tsayawa. Matar tela ce, ba abin mamaki ba ne, ban kuma gaya mata ba.

Talata, 1 ga Agusta

Shugaban makaranta ya kira taron malamai da yamma. Sauran mata sun tafi kai barguna ɗakin haihuwa tare da Mama, saura ni da Kubra. Ban taɓa barin rezar nan a hannun kowa ba in ba na wurin. Lokaci ne kawai ya ƙure, kuma ba kyau a tsayar da mutum a tsakiyar aiki.

Na ajiye mata makulli a kan tebur, can nesa da faifai. Na ɗauki jaka. Daga bakin ƙofa na ce, Kubra, sai na dawo.

Ba ta amsa ba. Kanta a sunkuye, mayafi a ɗaure ta baya, yatsu a dunƙule, taya tana tafiya a kan shadda mai ruwan toka. Na tsaya kaɗan ina kallo, don in tabbatar ƙaramin yatsa yana inda ya kamata. Yana nan.

Ban sake faɗa ba. Na jawo ƙofa a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, na rufe, na kama hanyar makaranta.