Likkafanin Inna Ya Je Fainal

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da na garinmu, don daga Kura har Bunkure babu teburin mai shayin da ba a san bakina ba. Wanda kuma ya yi niyyar zagina, ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe tukuna, a can zai fi samun abin zagi mai kauri.

Ni ne mutum ɗaya tak a duk yankin kanal ɗin ban ruwan nan da ya taɓa zama a filin wasa na Turai ya kalli fainal ɗin babban kofi da ƙwayar idonsa. Ba a gidan kallo ba, inda janareto ke mutuwa daidai lokacin fenariti. Ƙwallon da aka ci aka ɗauki kofin, iskarta sai da ta kaɗa min hula. To, kusan. Amma shekaru ke nan ban iya faɗa wa kowa ba. Ni fa, da in kunama ta harbe ni a gona da safe, kafin la'asar ta zama kada a bakina, ni ne Allah ya ba labari na gaskiya mafi girma a rayuwata kuma ya ɗaure min harshe. Ko in ce ni na ɗaure abina.

Sana'ata dillancin tumatir da rani, in damina ta sauka in koma shinkafa. Ina da aboki a Kano, zan kira shi Alhaji Garba, mai shigo da injinan casar shinkafa. Ƙungiya ɗaya muke goyon baya tun muna samari muna raba kunne a rediyo guda. Ya daɗe da nema min biza don in raka shi duba wani inji, sai ga shi ta fito a shekarar da ƙungiyarmu ta kai fainal, ya kuma samo tikiti biyu ta hannun mutanen da yake ciniki da su. An gama tumatir, ruwan sama bai zo ba, babu abin da ya riƙe ni. Shirina shi ne in ce a gida zan je Legas fito da inji, don wane baki zan buɗe in gaya wa mahaifiyata, wadda muke kira Inna, cewa ɗanta mai furfura a gemu zai keta hazo ya je ya ga ƙarti suna bin fata?

Yayata ce ta rusa shirin. Ta shigo ɗakina neman wani abu, ta ga fasfo da katin rigakafi a kan sabuwar jaka, ba ta tambaye ni komai ba ta rangaɗa guɗa tana cewa Auta zai tafi Umara. A garinmu in an ga mutum da fasfo, ina kuma zai je in ba can ba? Na buɗe baki zan gyara, wallahi na buɗe, sai ga matan maƙwabta sun cika tsakar gida. Kafin magariba liman ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ku fahimce ni, ni mutum ne da in na doso majalisa tun daga nesa ake fara dariya. Ran nan tashi aka yi aka ba ni tsakiyar tabarma. Ban taɓa ɗanɗana wannan ba, kuma ya yi min daɗi. Na yi shiru, daga shiru na gyaɗa kai, daga gyaɗa kai na fara bayanin otal ɗin da za mu sauka, wai in ka buɗe taga Harami za ka gani.

Saƙonni suka yi ta zuwa. Wannan a roƙa mata haihuwa, wancan ɗansa ya ci jarrabawa, wani ma cewa ya yi in roƙa ruwa ya riƙa isowa gonarsa da ke ƙarshen kanal. Duk na ce in sha Allahu. Ana gobe tafiya Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da farin yadi a ninke, wanda ta daɗe da tanada ban sani ba.

Ta ce, “Auta, ni ƙafata ba za ta kai ba. Ka kai wannan a madadina. Ka yi ɗawafi da shi, ka tsoma shi a zamzam, ka dawo min da abina. A ciki za ku sa ni.”

Wane ɗa ne zai ji wannan bai faɗi ƙasa ya ce Inna ƙarya nake ba? Ni ne. Na karɓa da hannu biyu. A Kano Alhaji Garba ya ce in bar shi a gidansa, amma sai na ji kamar in na bar shi na yi mata ƙarya biyu, na ce aƙalla dai ya hau jirgi. Ku ji tunanin mutumin da ya riga ya rikice.

Tafiyar kuwa, Allah ya yafe min, har yau in na tuna sai na ji murmushi ya kufce min. Garin gaba ɗaya ya koma kalar rigarmu. Jirgin ƙasa da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa yana girgiza saboda waƙa, tsofaffi da 'yan mata da masu tumbi irina kowa na dukan rufi. Wani dattijon Bature mara haƙoran gaba ya gutsura min burodinsa, ya tambaye ni daga ina, na ce daga yankin Kura, ya jinjina kai kamar can aka yanke masa cibiya. Rana ta ƙi faɗuwa, na rasa la'asar na rasa magariba. Ga sanyi, wai a hakan lokacin zafinsu ne, iska na shiga ta hannun riga tana fita ta wuya. Da muka isa ƙofar filin aka ce ba a shiga da jaka, kowa ya ajiye a wata rumfa ya karɓi lamba. Na dubi tulin jakunkunan, na dubi waɗanda ke jefa su, na ce ba zan bar likkafanin uwata a nan ba. Na zaro shi, na ninka, na naɗa a wuya kamar yadda kowa ya naɗa ƙyallen ƙungiya. Kuma ba zan ɓoye ba, ya tare min sanyi.

Aka yi ta fafatawa babu ci. Can kusa da tashi ɗan wasanmu ya sa kai, raga ta motsa. Ban san lokacin da na hau kujera ba. Wani ƙato da ya shafe fuskarsa da fenti ya rungume ni ya ɗaga ni sama, ni da buhun shinkafa shanshera ke jin kunyata wajen nauyi. Kuma ashe al'adarsu ce, in an ci, duk abin da ke cikin kofin mutum sama yake watsa shi. Na ji ruwa na sauko mana na ɗauka yayyafi ne, na ci gaba da ihu har muryata ta tafi. Sai da aka fito da kofin gasar, kowa na kuka, na sunkuyar da kai zan share ido da abin da ke wuyana, warin ya buge ni. Giya ce. Likkafanin Inna ya jiƙe sharaf da giya, ga fentin fuskar ƙaton nan a gefe guda. Aka ɗaga kofin da na keto duniya don in gani, ni kuwa ina tsaye da yadi a hannu ina kallonsa. Ban ga ɗagawar ba. Sai daga baya na gani a waya kamar kowa.

Na wanke shi a otal da sabulun wanka. Na sake wankewa a gidan Alhaji Garba har fatar yatsuna ta saɓule. Warin ya tafi, amma wani ɗan tabo ruwan ƙasa, kamar faɗin babban yatsa, ya ƙi fita. Na shiga kasuwa na sayi dabino da carbi da zamzam, na yayyafa wa yadin, ko na gaske ne ko na famfo Allah masani. Na tsaya wurin mai aski ya yi min ƙwal. Na iso gida murya a dishe, liman ya ce alamar wanda ya yi talbiyya da gaske ke nan. Aka kewaye ni a ba da labari, ni kuwa me na gani in ba filin ƙwallo ba? Shi na ba su. Na ce jama'a kamar ruwa ranar da aka buɗe babbar ƙofar kanal, kowane irin fata, murya ɗaya, wanda bai san ka ba ya rungume ka yana kuka. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki sai sunan wurin. Inna na gefe tana share hawaye. Da ta warware yadin ta ga tabon, ta tambaye ni mene ne wannan. Jama'a, cewa na yi ƙasar Madina ce. Ta ɗaga shi ta ɗora a goshinta.

Tun daga ran nan ban ƙara jin daɗin ƙwallo ba. In aka maimaita wasan a gidan kallo, kowa na kallon fili ni ina kallon 'yan kallo, ina addu'ar kada kyamara ta tsaya a kan wani baƙi mai farin ƙyalle. Akwai wani mai gyaran injin ban ruwa da ke rantsuwa wai filin a rufe yake ruf da na'urar ɗumama wuri. Ni da sanyin wurin ya kusa kashewa, sai dai in ciji leɓe in ce haka ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na rubuto, Inna na kwance tun ƙarshen damina, kullum jiki na ƙara ja baya. Ta fito da yadin daga akwati ta sa ƙarƙashin matashinta. Duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa cewa kayan tafiyarta sun riga ta zuwa Ɗakin Allah, Autanta ne ya kai. Ba na iya zama, ba na iya tashi. In je gona in tarar ban san me na je yi ba. Na je wurin wani malami a wani gari na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya ce yadi in an wanke ya tsarkaka, kuma ba yadi ke kai mutum Aljanna ba, amma abokin nan nawa ya nemi yafiyar wadda ya yi wa ƙarya tun tana iya yafewa. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce in gaishe da abokin.

Na yi wata dabara. Na sayi yadi irinsa sak, na ba wani maƙwabcin gonata da ya tafi Umara, na ce nawa ne. Bawan Allah ya yi ɗawafi da shi, ya tsoma shi a zamzam, ya kawo min. Yana nan na ɓoye a ɗakin ajiyar shinkafa. Shekaranjiya da rana na ga Inna ta yi barci, na lallaɓa na zura hannu ƙarƙashin matashin zan musanya, sai na ji ta riƙe min wuyan hannu.

Ta ce, “Bar shi tukuna, Auta, saura kaɗan. Idona ba ya gani sosai yanzu. Kama yatsana ka ɗora min a kan ƙasar nan.”

Na kama yatsanta na ɗora. Me kuke so in yi?

To ga ni. In na gaya mata, na ƙwace mata abu ɗaya da take riƙe da shi a kwanakin da suka rage, don kawai ni in samu barci. In na yi shiru, za ta tafi tana sa min albarka a kan abin da ban yi ba, kuma ni zan sa hannu in sauke ta a cikin yadin da na san inda ya je. In na bari sai ta cika in musanya, Yaya ce za ta tsaya kan wanka, kuma tabon za ta fara nema. Ko in haɗa biyun a sa ta a ciki? Wannan gyara ne ko sabuwar ƙarya? Don girman Allah, wanda ya san abin da ya dace ya faɗa min, lokaci ba ya jirana. Me zan yi?

Kada wani ya ce in fara da gaya wa 'yan'uwa, na gwada. Jiya na sami Yaya a tsakar gida tana dama wa Inna kunu, na durƙusa a gabanta, na kwashe komai na faɗa mata, tun daga tikiti har giya, hawaye na zuba. Ta saki ludayi ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, rabon da in ji dariyarta tun kafin Inna ta kwanta. Ta ce Allah ya shirye ni, ko a bakin kabari sai na ba mutane dariya. Na rantse mata, na ce zan ɗauko fasfo ta gani. Ta miƙo min kofin kunun ta ce:

“Ungo, kai wa Inna kafin ya huce. Makka ma don Allah ba ya korar kowa ne aka bar ka ka shiga. Turai su yi me da kai?”