Ƙorafi Kan Rigar Matse Ciki da Aka Sayar wa Ƙanwata Ba Bisa Awonta Ba

Zuwa ga: Mai Girma Shugabar Ofishin Sauraron Koken Masu Sayayya

Daga: Mai ɗinkin kayan mata, shago na huɗu, layin teloli

Kwanan wata: 16 ga Maris

Game da: Watsi da awon jiki da tozarta mai saye a shagon kayan ciki na mata da ke hawa na biyu, babbar kasuwa

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da wannan koke a madadin ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda a gida muke kira Auta. Malamar aji biyu ce a firamare. Ni kuwa shekarata ashirin da biyu ina riƙe da tef ɗin awo, don haka abin da zan faɗa kan inci ba da ka nake faɗa ba.

1. A ranar 9 ga Janairu aka yi wa Auta aiki aka ciro mata ɗa namiji, cikin wata takwas. Bai zo da rai ba. Shekararta shida da aure, kuma wannan ne cikinta na farko da ya zauna. An sallame ta bayan kwana biyar, ta dawo gida hannu wofi, amma cikin bai koma ba. Duk inda ta ratsa sai wanda bai ji labari ba ya yi mata fatan sauka lafiya, ita kuma ta amsa da amin.

2. Hutunta zai ƙare ranar 2 ga Maris. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yaran ajinta, waɗanda suka yi wata da watanni suna gardamar sunan da za a sa wa jaririn. Ba kwalliya ta kai ta neman rigar matse ciki ba. So take ta tsaya gaban allo ba tare da idon kowa ya sauka kan cikinta ba. Likitarta ta amince, da sharaɗin rigar ta zama daidai jikinta, kada ta danne wurin ɗinkin.

3. A ranar 24 ga Fabrairu na auna ta a ɗakinta, na bi ƙa'idar da shagon da kansa ya buga a katinsa: a tsaye sosai, a kan riga marar kauri, ba a riƙe numfashi, tef ya kwanta amma kada ya nitse. Ƙarƙashin ƙirji inci talatin da huɗu, ƙugu talatin da tara, kwatangwalo arba'in da uku. Sau biyu na maimaita. Ta kawar da kai ga bango har na gama, ta ce in rubuta kawai, kada in faɗa. A jadawalin shagon wannan awo ya faɗa lamba biyar. Na rubuta a takarda, na ƙara a ƙasa cewa akwai ɗinkin aiki.

4. A ranar 26 ga Fabrairu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta je shagon ita kaɗai. Na so in raka ta, aiki ya riƙe ni, kuma wannan laifina ne da ba na neman kowa ya ɗauke mini. Mai jiran shagon ta karɓi takardar, ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce awon gida ba awo ba ne. Akwai ɗakin gwaji a shagon, amma an cika shi da kwalaye. A tsakiyar shago ta zagaya mata tef, gaban mata huɗu masu saye, ta ja shi har ya nitse, tana kiran lambobin da ƙarfi ga abokiyar aikinta. Sannan ta ce ai masu ciki ba sa sa irin wannan, ta bari sai ta haihu.

5. Auta ta ce mata ta riga ta haihu. Amsar da aka ba ta, kamar yadda ta maimaita mini kalma bayan kalma, ita ce: “To ina jaririn? Ke ko goyo ba ki fara ba, kin fito neman kyan jiki.” Wasu suka yi dariya. Ban ce sun san abin da suke wa dariya ba. Aka miƙa wa Auta riga lamba uku, aka ce ƙarama ita ke aiki, za ta saba. Ta karɓa don kawai ta samu ƙofa.

6. Ba ta nuna mini rigar ba, domin ta san zan hana. Ranar 2 ga Maris ta sa ta, ta tafi makaranta. Ta yi darasi biyu a tsaye, tana jin zugi tana dannewa. A na uku wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce akwai jini a rigar Malama. Gefen ɗinkin ne ya buɗe. Shugaban makaranta ya kai ta asibiti a motarsa, aka mayar da ita ɓangaren masu haihuwa, inda aka yi aikin farko. Kwana huɗu ta yi a nan, gadonta tsakanin masu jego biyu.

7. A ranar 9 ga Maris na je shagon da rigar da takardar likita. Mai shagon ta ce kayan ciki idan an sa ba a mayarwa. Na ce ba mayarwa ta kawo ni ba. Ta ce to ba ta ga abin da ya kawo ni ba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina roƙon ofishinki da ya binciki wannan lamari. Ya umarci shagon ya kwashe kwalayen ya maido da ɗakin gwaji, a daina auna mace a idon jama'a. Ya tilasta musu bin jadawalin da suka buga da hannunsu. Kuma a koya wa masu jiran shagon su tambayi mace a asirce ko akwai aiki a jikinta kafin su ja tef. Ba na neman a kori kowa. Ina so dai wadda ta yi maganar ta san wa ta yi wa. Na haɗa da kwafin awon, da katin shagon, da rahoton likita.

Roƙona na ƙarshe, idan amsa za ta zo, a aiko ta shagona, kada ta je gidan Auta. Ba ta san na rubuta ba. Da ta sani da ta riƙe mini hannu, domin duk wanda ya je duba ta, ce masa take ta warke.

Allah ya ƙara miki lafiya da adalci. Ki huta lafiya.

Taki cikin ladabi,

(Sa hannu)
Mai ɗinki, yayar Auta