Bankin da ke Ƙarƙashin Teku

Zinder, 6 ga Oktoba

Autana Kyari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatu. Mu nan sai godiya, gwiwar tawa ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, asirinka ya tonu. Wata uku kawunka Mahamud yana bin shagunan Zango yana shelar ka samu aiki a banki a Dakar, don ka ce masa a waya kullum da safe kana wurin "banc". Jiya yayarka Asma'u ta nuna mini bidiyo: kai ne tsaye kan katako, igiyar ruwa ta ɗauko ka. Ashe tudun yashin ƙarƙashin teku kake nufi da Faransanci! Yaron da ya koyi iyo a tafkin Tirmini!

Raina ya ɓaci har na yi niyyar cewa ka tattaro ka dawo. Amma shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a lise, babbar makarantar sakandare, ba na yanke hukunci ban karanta ba. Na karanta, sai ka saurara.

Ka tuna ranar da kabu-kabu ya shiga yashi da mu, taya ta cije, muka zubo ta gaba? Haka igiya take. Tana tahowa lafiya cikin zurfi, gindinta ya taɓa tudun ya rage gudu, samanta ya miƙe ya kifo. Wannan kifawar kake hawa. Tudu mai gangare a hankali, igiya mai sauƙi. Mai tsini kuwa, ta maka ka da ƙasa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tsakanin tudu da tudu. Ruwan da ya hau gaɓa ta nan yake komawa da gudu, kamar ruwan sama a lungun Kara-Kara. Wurin kwance yake, launinsa ya fi duhu, shi ke jan mutum. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka riƙe katakonka, ka ratsa gefe.

Ka zano mini tudun naka da hanyoyin ruwansa. In ka kasa, ka dawo gida.

Mahaifiyarka,
Ummulkhairi

Zinder, 2 ga Nuwamba

Autana,

Ina gaishe ka, ina gaida yaran da ka ce ka karanta wa takardata a bakin ruwa. Allah ya tsare ku.

Zanenka ya iso. Rubutun kamar tafiyar kaza, amma hanyoyin ruwa biyu suna inda ya kamata, har ka ƙara abin da na manta: bayan kowane hadari tudun yana matsawa, sai an sake dubawa kafin a shiga. Ka ci. Ka zauna, amma karatu ne gaba. Na liƙa zanen a ajina, ɗalibai sun dame ni da tambaya, ni kuwa daɗi kamar me.

Na gaya wa Mahamud bankinka ba ya zama wuri ɗaya. Ya gyara hula, ya ce ai haka ake yi wa manyan ma'aikata. Na bar shi da farin cikinsa.

Taka har kullum,
Ummulkhairi